Raunin da Ido Ba Ya Gani: Ƙirji da Ciki a Haɗarin Mota

Muna gaida ɗalibanmu na Madarunfa, da Ɗan Isa, da Gabi, da Safo, da Sarkin Yamma, da Jiratawa. Wannan darasi kun saurare shi a rediyo. Ga shi yau a rubuce, domin ku karanta sannu a hankali, ku maimaita, ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.

Maganarmu ta yau a kan haɗarin mota ne. Idan mota ta faɗi, kowa yana rugawa wurin mai jini a fuska da mai karaya a ƙafa. Wanda ya tashi da ƙafarsa, ya kakkaɓe riga, ya ce babu komi, sai a yi masa barka da arziki a bar shi. Wani lokaci shi ne ake binnewa washegari. Mene ne ya kashe shi? Jini ne da ya zuba a cikin ƙirjinsa ko a cikin cikinsa, inda ido ba ya gani. Wannan shi ne abin da muke so ku fahimta a yau.

Hanyoyinmu

Kun san hanyar kwalta da ta tashi daga Maraɗi, ta bi ta Ɗan Isa, ta shiga Najeriya wajen Jibiya. Kun san hanyar Madarunfa zuwa Maraɗi, da ƙananan hanyoyin da ke fitowa daga ƙauyuka. Ranar Litinin da ranar Juma'a, ranakun kasuwar Maraɗi, ku duba abin da ke bisansu: manyan motoci, da motocin kasuwa da mutane zaune bisa buhuna, da ƴan kabu-kabu, da adaidaita, da amalanken shanu da na jaki, da yara masu kora awaki. Duka hanya ɗaya suke bi, amma gudunsu ba ɗaya ba ne, nauyinsu kuma ba ɗaya ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a shekarar 2023. Ta ce mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ne suke mutuwa a haɗarin hanya cikin shekara guda. Ta ce babu abin da ya fi shi kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. A Afirka abin ya fi muni. Cikin motoci 100 na duniya, wajen 3 kaɗai ke Afirka. Amma cikin mutum 5 da suka mutu a hanya, kusan 1 ɗan Afirka ne.

Raunin kai shi ne ya fi kisa. Bayansa sai raunin ƙirji da na ciki.

Ku tuna da ragon Layya

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon Layya ya riga ya san rabin darasin nan. Tsarin kayan cikin mutum bai yi nisa da na rago ba.

A sama akwai ƙirji. Ƙirji kamar akurki ne na ƙashi. Mutum yana da haƙarƙari 24, wato 12 a dama, 12 a hagu. A cikin akurkin nan akwai huhu biyu, da zuciya a tsakaninsu, da babbar jijiyar jini da ta fito daga zuciya ta bi ta jikin ƙashin baya.

Ƙarƙashin huhu akwai wani tantani na nama wanda ya raba ƙirji da ciki. Shi ke sauka yana hawa kamar zugazugin maƙeri, iska tana shiga tana fita.

Ƙarƙashin tantanin nan sai ciki. Hanta tana dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Saifa tana hagu, ita ma ƙarƙashin haƙarƙari. Tumbi da hanji suna tsakiya. Ƙoda biyu suna baya, wajen kwiɓi. Mafitsara tana can ƙasa, cikin ƙashin ƙugu. Gaban ciki ba shi da ƙashi ko ɗaya da zai kare shi, fata ce da nama kawai.

Mahauci zai gaya muku cewa hanta da saifa cike suke da jini, kuma yatsa ma yana iya huda su. Jinin babban mutum duka wajen litir 5 ne, cikin ƴar jarka guda. Idan litir 2 ya zuba ba a mayar ba, rai yana bakin fita.

Karo 3 cikin haɗari 1

Mutane suna zaton karo ɗaya ake yi. A gaskiya 3 ne, suna bin juna cikin ƙiftawar ido.

Karo na 1: mota ta bugi icce ko wata mota, ta tsaya cak.

Karo na 2: mota ta tsaya, amma jikin mutum bai tsaya ba. Yana ci gaba da gudun da motar ke yi. Ƙirjin direba ya bugi sitiyari. Fasinja ya bugi kujerar gabansa. Mai babur ya bugi ƙahon babur da cikinsa. Wanda ke bisa kaya ya yi sama ya faɗo ƙasa, wani lokaci buhuna su danne shi.

Karo na 3: jiki ya tsaya, amma kayan ciki ba su tsaya ba. Zuciya da huhu su bugi haƙarƙari daga ciki. Hanta da saifa su fizgu, su tsage.

Ku ɗauki kwandon tumatir daga lambun Jiratawa, ku jefa shi ƙasa. Kwandon yana iya zama lafiya lau. Ku buɗe ku ga tumatirin. Haka jikin mutum yake bayan haɗari.

Gudu shi ke ƙara ƙarfin bugu. Karo a gudun kilometir 50 a awa daidai yake da faɗawa busasshiyar rijiya mai zurfin mita 10, wato gaba 5 zuwa 6. Idan gudun ya ninka ya zama 100, ƙarfin bugu yana ninkawa har sau 4. Rijiyar ta zama mita 40 ke nan, sama da gaba 20.

Abin da ke faruwa a ƙirji

Na farko, karayar haƙarƙari. Haƙarƙari ɗaya ko biyu suna warkewa da kansu cikin mako 6 ko makamancin haka. Amma tsinin ƙashin da ya karye yana iya huda huhu. Idan na ƙasa ne, yana iya yanka hanta ko saifa. Idan da yawa suka karye a jere, wani ɓangaren ƙirji yana lotsawa ciki lokacin da mutum ya ja numfashi. Wannan babban haɗari ne.

Na biyu, iska a ƙirji. Huhu ya huje, iska tana fita daga cikinsa tana taruwa a cikin akurkin ƙirji, ba ta da mafita. Sai ta danne huhun, ta ture zuciya gefe. Mutum yana haki, yana neman iska, jijiyoyin wuyansa suna kumbura. Wannan yana kisa cikin mintoci.

Na uku, jini a ƙirji. Gefe ɗaya na ƙirji yana iya ɓoye jini sama da litir 2, ko ɗigo bai fito waje ba.

Na huɗu, huhu ya daku. Numfashi yana iya zama daidai da farko, ya lalace bayan kwana 1 ko 2. Ku kula da yara ƙwarai. Haƙarƙarin yaro kamar ɗanyen reshe yake, yana lanƙwasawa bai karye ba, amma huhun da ke ƙarƙashi ya sha bugu.

Na biyar, babbar jijiyar zuciya ta tsinke. Yawancin masu wannan rauni nan take suke cikawa. Maganinsa rage gudu ne tun kafin a yi haɗarin.

Abin da ke faruwa a ciki

Saifa da hanta su suka fi fashewa. A ƙasarmu akwai abin da ya ƙara wa saifa rauni: zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya sha fama da shi, saifarsa takan kumbura, ta leƙo ƙasan haƙarƙari. Irin wannan saifa, ƙaramin bugu ma yana fasa ta. Wani lokaci jinin yana taruwa cikin fatar saifa, sai bayan kwanaki fatar ta fashe. Mutum ya koma gona, ya ɗaga buhu, ya faɗi.

Idan hanji ya huje, ƙazanta tana zuba cikin ciki. Ranar farko ciwon kaɗan ne. Kashegari sai zazzaɓi da amai, ciki ya yi tauri kamar allo.

Idan ƙoda ko mafitsara ta ji rauni, fitsari yana fitowa da jini. Mutanen bakin tafkin Madarunfa da bakin gulbi sun saba ganin jini a fitsari saboda tsargiya. Bayan haɗari kada ku ce tsargiya ce. Ku bar likita ya faɗa.

Idan ƙashin ƙugu ya karye, manyan jijiyoyi suna tsinkewa, jini mai yawa yana zuba a ɓoye. Wannan yakan sami wanda mota ta take, da wanda amalanke ya danne.

Mace mai juna biyu, ko bugun bai yi ƙarfi ba, mabiyiya tana iya rabuwa da mahaifa. Rai biyu ke nan cikin haɗari. A kai ta gidan likita ko ta ce lafiyarta lau.

Alamu 10 da za ku riƙe

1. Numfashi da sauri ko da wahala. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Idan ya kai 30, abin ya yi tsanani.
2. Tari da jini ko amai da jini.
3. Gefe ɗaya na ƙirji ba ya motsi kamar ɗayan.
4. Tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari.
5. Zufa mai sanyi, hannu da ƙafa sun yi sanyi.
6. Bugun jijiya a wuyan hannu yana sauri amma ba ƙarfi.
7. Ƙishirwa mai tsanani.
8. Jiri idan ya tashi zaune, ko ruɗewa, ko yawan barci.
9. Ciki yana ciwo, ko yana kumbura, ko ya yi tauri. Ciwon kafaɗar hagu ba tare da an bugi kafaɗar ba yana iya zama alamar saifa.
10. Jini a fitsari, ko shatar bugu a ƙirji ko a ciki.

Alama ɗaya ta isa a tafi gidan likita. Ko babu alama ko ɗaya, duk wanda mota ta jefar, ko ta buge, ko ta danne, ko wanda ke cikin motar da wani ya mutu, a kai shi a duba shi a ranar. Saurayi mai ƙarfi jikinsa yana ɓoye zubar jini na ɗan lokaci. Yana magana, yana dariya, sannan ya faɗi gaba ɗaya.

Abin da za ku yi

Ku fara kare wurin. Ku sa rassan icce a hanya, nesa, gaba da baya, don kada wata mota ta afka muku. A kashe injin, kada kowa ya kunna taba. Idan motar mai ce, ku yi nesa. Ranar 6 ga Mayu 2019 a Yamai, tankar mai ta faɗi, mutane suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi, sama da mutum 50 suka rasu.

Ku kira agaji. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ta ƴan sanda 17. Ku sanar da jandarmomi da gidan likita mafi kusa. Ku faɗi wurin, da yawan masu rauni. Salula ta kiran agaji ce, a bar ɗaukar hoton mutane cikin wahala. Kada tsoron bincike ya sa ku wuce. Dokar ƙasarmu ta wajabta agaji ga wanda ransa ke cikin haɗari.

Ku duba mai shiru kafin mai ihu. Mai ihu yana da numfashi.

Wanda ya suma amma yana numfashi, ku juya shi a kan gefensa, wani yana riƙe da kansa daidai da jikinsa. Wanda yake a farke yana haki, ku bar shi ya jingina yadda ya fi jin sauƙi. Wanda ya yi fari yana zufa, ku kwantar da shi.

Jinin da ke fita waje, ku danne shi da tsumma mai tsabta. Idan akwai rami a ƙirji da iska ke shiga tana fita, kada ku toshe shi ruf, domin iskar za ta taru a ciki. Idan ƙarfe ko icce ya shige jiki, kada ku zare shi. Ku tallafe shi da tsumma don kada ya motsa. Idan hanji ya fito, kada ku mayar da shi. Ku rufe shi da ƙyalle mai tsabta mai ɗan laima.

Idan ƙugu ne ke ciwo kuma mutum ya kasa tsayawa, ku naɗe zane, ku ɗaure ƙugun tamau daidai inda cinya ta haɗu da shi, ku haɗa ƙafafun ku ɗaure. Wannan zane yana rage zubar jini.

Ku rufa masa bargo ko da rana ce. Jikin da ya yi sanyi, jininsa ba ya daskarewa da wuri.

Wajen ɗauka, mutum 4 ko 5 su ɗaga shi tare, su ɗora shi bisa ƙyaure ko faffaɗan katako. A kwance za a tafi da shi. Kada a zaunar da shi a tsakiyar mutum biyu bisa babur idan akwai wata dabara.

Abin da ba za ku yi ba

Kada ku ba shi ruwa, ko fura, ko madara, ko da yana roƙo. Mun san hana mai ƙishirwa ruwa abu ne mai nauyi a zuciya. Amma ƙishirwar nan ta zubar jini ce, ruwan sha ba ya kashe ta. Idan hanji ya huje, ruwan zai zuba cikin ciki. Idan za a yi masa aiki, zai iya yin amai ya shaƙe. Ku jiƙa masa leɓe kawai.

Kada ku ba shi ƙwayar ƴan tebur. Aspirin da irinta suna ƙara zubar jini. Tramol yana ɓoye ciwon da likita ke nema.

Kada ku gasa ciki da ruwan zafi, kada ku murza shi. Kada ku ɗaure ƙirji tamau da rawani, domin huhu ba zai buɗe ba.

Wanzami da maɗori mutanenmu ne, muna girmama su. Amma ƙaho jinin fata yake ja, ba ya kaiwa ga jinin da ya taru a ƙirji ko a ciki. Wanda aka yi wa ƙaho yana zubar da jini a ciki, an ƙara masa asara ne. Ɗori kuma ba ya ɗinke saifa. A fara da likita.

A gidan likita

Ƙananan gidajen likita na ƙauyuka suna ba da taimakon farko, su tura mai rauni gaba. Akwai asibitin gunduma a Madarunfa. Manyan asibitoci da ma'ajiyar jini ta jaha suna Maraɗi, kuma daga Madarunfa zuwa Maraɗi bai kai kilometir 30 ba. Idan malamin asibiti ya ce a wuce Maraɗi, kada a tsaya jiran shawarar dangi har dare.

Ku gaya wa likita ƙarfe nawa aka yi haɗarin, da inda mutumin yake zaune, da abin da ya buge shi. Za a ɗauki hoton ƙirji. Za a duba ciki da na'urar da ake kira eko, wadda ke nuna jinin da ya taru.

Ga labari mai daɗi. Yawancin raunukan ƙirji ba su bukatar babban aiki. Likita yana sa tiyo tsakanin haƙarƙari, iska da jini su fita, huhu ya sake buɗewa. Saifar da ta fashe ana iya cire ta, mutum ya rayu, sai dai ya riƙa kula da zazzaɓi ƙwarai. Akwai kuma wata allura mai rage zubar jini. An gwada ta a kan masu rauni sama da dubu 20 a ƙasashe 40, aka bayyana sakamakon a shekarar 2010. Tana ceton rai idan an yi ta cikin awa 3 na farko. Bayan awa 3 ba ta da amfani. Kun ga dalilin gaggawa.

Abin da likita ba ya iya ƙerawa shi ne jini. Daga jikin mutane ake samunsa. Mai lafiya da ya kai shekara 18 da nauyin kilo 50 yana iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin litir ba, jiki kuma yana mayar da shi. Idan za ku raka mai rauni, ku tafi da masu ƙarfi 2 ko 3 da suka yarda su ba da jini.

Idan an sallamo shi, ku sa masa ido har mako 2. Kada ya yi aikin ƙarfi, kada ya kwana shi kaɗai a kwanakin farko. Jiri, ko haki, ko ciwon ciki, ko zazzaɓi, a koma nan da nan.

Rigakafi ya fi magani

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne rai na hannun Allah. Amma manomi ba ya ƙin ɗaure jakinsa don ya dogara ga Allah.

Ɗamarar kujera, wadda direbobi ke kira bel, kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin ne ya fara sa irin ta yanzu a motocinsa a shekarar 1959. Tana rage haɗarin mutuwa har kusan rabi. Igiyar ƙasa ta bi ta kan ƙashin ƙugu, kada ta hau kan ciki. Ta sama ta bi ta kafaɗa da tsakiyar ƙirji. Mai juna biyu ta sa ta ƙasa a ƙarƙashin cikinta.

Kada a riƙe yaro a cinya a kujerar gaba. A karo na gudun kilometir 50, yaro mai kilo 10 yana fizgewa da nauyin da ya kai wajen buhun gero 3. Babu uwar da za ta iya riƙe shi.

Kada ku hau bisa kaya. Hular kwano tana kare kai, amma ba ta kare ƙirji da ciki, saboda haka mai babur ya rage gudu. Mai amalanke ya sa fitila ko abu mai ƙyalli idan dare ya yi. Fasinja kuma yana da baki. Idan direba yana gudun wuce sa'a, ku haɗa baki ku ce ya sassauta. Tafiya sannu-sannu, kwana nesa.

Tambayoyi domin aji

1. A wane gefe hanta take? A wane gefe saifa take?
2. Don me ba a ba mai raunin ciki ruwan sha?
3. Ku faɗi alamu 5 na zubar jini a ɓoye.
4. Lissafi: jinin mutum litir 5 ne. Litir 2 ya zuba. Saura nawa?
5. Lissafi: an yi haɗari da ƙarfe 4 na yamma. Ƙarfe nawa awa 3 za su cika?
6. Ku tattauna: a garinku, motar wa za a nema idan haɗari ya faru da dare? Su wa za su ba da jini? Ku rubuta sunayensu a littafinku, ku ba mai gari kwafe ɗaya.

Jama'a, nan muka kawo ƙarshen darasin yau. Wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.